Taya ce fa kawai

Yau kam na sha dariya, daga baya dariyar ta koma ciki.

Wajen sha ɗaya na shiga babbar kasuwar Marwa neman zare da zif, ina tsaka da ciniki sai ji muka yi DAM! Wallahi ban san sanda na yar da leda ba, tsintar kaina na yi a ƙuryar shagon mai atamfa da takalmi ƙafa ɗaya, mai tumatir ta kifar da tirenta, 'yan moto kowa ya ja tasa ba mai jiran fasinja. Ashe tayar wata tsohuwar kamiyo, babbar motar kaya, ce ta fashe.

Da na dawo ina ba Goggo labari na ce yau na ji tsoro, sai ta ajiye tsintsiya. "Ke 'yar nan, wannan ba tsoro ba ne, razana kika yi. Tsoro da hankalinki kike jinsa, kina ganin kare ki canza hanya. Razana kuwa ba ta sallama." Yaya daga ɗaki ya ce ai firgita ake cewa, ta ce ya rufe mata baki, firgita ta yaron da ya tashi daga mugun mafarki ce. Su biyun nan ko kan gishiri sai sun yi musu. Na ce to Goggo cikina fa ya ɗuri ruwa, ta ce a'a, wannan sai wanda ya san ya yi laifi kuma ya hango jandarma na tahowa. Faɗuwar gaba ta waya ce in ta yi ƙara da tsakar dare. Tashin tsikar jiki kuma na wucewa ta maƙabarta ne bayan isha'i. Hantar ciki ta kaɗa, wannan kaɗai ta yarda ta bar min.

Ni ce da tsokana na ce saura fargaba. Ta daɗe ba ta tanka ba. Can ta ce ita fargaba ba ta da ƙara, zama take yi da mutum, a ci tuwo da ita a kwana da ita. Tun Yulin 2015 da bam ya tashi a kasuwar da nan unguwarmu Barmare rana ɗaya, bayan kwana uku wani ya sake tashi a unguwar Pont Vert, ta ce in ɗayanmu ya fita ba ta iya haɗiye ruwa da daɗi sai ta ji motsin ƙofa. Ƙafarta ba ta sake taka kasuwar ba. Mu kullum ciwon gwiwa take ce mana, har man zafi nake sayo mata.

Abin ya tsaya min a rai har yanzu.

Wuta tun la'asar babu, ɗinkin Maman Auta ko hannu ban haɗa ba. Baffa ya kira daga Garwa wai sai jibi zai shigo Marwa. Na so in ba shi labarin tayar, Goggo ta harare ni.