Yadda na kai filin motocin Baffana intanet

Filin motocin Baffana yana bakin titin Zariya a Kano, kuma tun ina yaro tallarsa ɗaya ce: a wanke motoci da sassafe, a jera su suna kallon kwalta, a koma kan benci ana jiran mai rabo. Sauran aikin na dillalai ne, su kawo mai saye su karɓi la'adarsu. Ni na tsiro da maganar shafin intanet a ƙarshen 2022, bayan wata Camry ƙirar 2010, wadda ake kira Muscle, ta shafe wata huɗu ƙura na hawa kanta.

"Baffa, mu buɗe shafi. Mutumin Abuja zai ga motar nan yana kwance a ɗakinsa."

"To ɗan boko, in dai ba zai ci mini kuɗin mota ba, je ka yi."

Tun a matakin farko na yi tuntuɓe. Na ba wani matashi aikin, ya haɗa shafi mai ƙyalƙyali, da bidiyo a goshinsa wanda ke shanye datar mutum kafin ya ga mota ɗaya, alhali kusan duk masu leƙo mu da waya suke shigowa. Wannan mai sauƙi ne. Babbar ɓarnar ita ce adireshin shafin, mai ƙarewa da .com.ng, da sunansa da imel ɗinsa ya yi masa rajista. Ashe irin wannan adireshi haya ce, duk shekara ake sabuntawa. Shekara na zagayowa shafi ya mutu, wayar yaron ba ta shiga. Dole muka sayi sabon suna, muka sake allon bakin titi da katunan da muka riga muka raba. A karo na biyu ina zaune aka yi rajistar da sunan kasuwancinmu kamar yadda yake a takardar CAC, hukumar rajistar kamfanoni, kalmar sirri kuma a hannuna.

Rigimar da ta fi daɗewa ita ce ta farashi. Mai sayar da mota ba ya son rubuta kuɗi, ya fi son ya ga takalmin mutum da agogonsa tukuna. Ga shi tun da aka saki darajar naira a watan Yunin 2023, farashin safe ba lalle ya kai yamma ba. Baffa ya ce a rubuta "kira don jin farashi". Na bi umarni, sai wayata ta zama ta masu tambaya su kashe. Daga baya muka daidaita: a rubuta kuɗi, a sa kwanan watan da aka rubuta a gefensa. Kira ya ragu ƙwarai, amma wanda ya kira ya riga ya auna aljihunsa.

Wani abu kuma kunya ce ta koya mini shi. Motocin Amurka da mil suke ƙidaya tafiyarsu, ni kuwa na kwafi 90,000 daga allon wata Accord na rubuta kilomita. Wani bawan Allah ya taso daga Kaduna da makanikensa. Makaniken na tayar da ita ya nuna masa, ya ce wannan ai kusan kilomita 145,000 ce. Mutumin bai yi faɗa ba. Ya dube ni kawai ya ce, "Malam, in a nan an yi kuskure, a ina kuma aka yi?" Ya shiga motarsa. Baffa bai ce mini uffan ba ranar, kuma da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Daga nan na kafa wa kaina ƙa'ida. Kowace mota sai an faɗi ko Beljiyam ce, wato wadda aka yi amfani da ita a ƙasar waje aka shigo da ita, ko ta hannu, wadda aka hau a nan gida. Sai an sa lambar VIN, haruffa da lambobi 17 ɗin nan da ake hangowa ta ƙasan gilashin gaba, ɓangaren direba. Masu saye sun waye: da ita suke duba tarihin mota a shafin intanet na Carfax, su ga ko ta taɓa haɗari ko ruwa ya ci ta kafin a yi gwanjonta. Sai maganar duti, harajin shigo da mota, wadda tun da aka hana shigo da motoci ta kan iyakokin ƙasa a Janairun 2017 ta zama tambayar farko ga duk mai tsoron kwastam a hanya. Hotuna kuwa har da inda aka yi fenti da inda kujera ta yage. Dillalai sun ce na haukace, wa ke tallar aibin hajarsa? Amma wanda ya ga tabon a waya kuma ya taso, ba tabon ne zai mayar da shi gida ba.

Ɓarayin intanet ma sun ba mu namu rabon. Wani ya kwashe hotunanmu ya liƙa a Facebook da rabin kuɗi, yana karɓar kafin alƙalami. Sai da wata baiwar Allah ta zo ɗaukar motar "da ta biya" muka sani. Yanzu sunanmu na kan kowane hoto, filin yana kan taswirar Google, kuma a saman shafi an rubuta ɓaro-ɓaro cewa ba ma karɓar sisi sai an ga mota ido da ido. Na kuma daina jefa lambar duk wanda ya kira cikin rukunin WhatsApp ba da izininsa ba. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 na nan, amma tun kafin in san da ita mutane sun nuna mini ba sa so.

Har yau Baffa bai taɓa buɗe shafin da hannunsa ba. Sai dai duk motar da aka sallama, kafin ya gama ƙirga kuɗi zai ɗago kai ya neme ni.

"Kai, ka sauke ta daga wayar nan? Kada wani ya taso daga Gusau a banza."