Ranar da na ajiye jan biro a aji huɗu

Da na fara koyarwa a wata firamare da ke Unguwar Rogo a nan Jos, yadda aka koya mini haka na yi wa yara. In cika allo da insha'i, su kwafa, in bi da jan biro. Littattafansu tsaf, amma ka ce wa yaro ya rubuta layi uku daga kansa, sai ya zuba maka ido yana tauna fensir.

Wata Litinin na bar allin a aljihu, na tambaye su wa ya taɓa raka mahaifiyarsa kasuwar Farin Gada. Hannaye suka tashi. Wata yarinya da ban cika jin muryarta ba ta ce, "Malam, ni na ga ana sauke kabeji daga mota, ɗaya ya gangara har cikin kwata, mai shi yana ta salati." Na ce to, abin da kika faɗa ɗin nan, shi za ki rubuta, kada ki canza komai. Ta kawo mini layi bakwai, da kurakurai birjik, amma nata ne. Tun daga ranar sai yaro ya ba abokin zamansa labarin da baki kafin ya taɓa takarda.

Gyara ne ya fi ba ni wuya. Na lura idan shafi ya yi ja, yaro ba ya duba ko ɗaya, rufewa kawai yake yi. Yanzu abu guda nake bi a mako. Mun yi mako biyu cur a kan ƙ, ɗ da ɓ kaɗai, domin wani ya rubuta "mun yi baki" alhali baƙi ne suka zo musu daga Bukuru. Na sa ya karanta da ƙarfi, da kunnensa ya ji inda lanƙwasar ta ɓace. Sai aya da waƙafi, su ma da karatu a bayyane: inda numfashinka ya tsaya, duba ko akwai alama.

Sanyin Jos ma ya koya mini nasa. A Disamba da Janairu yatsun yara a ƙage suke da sassafe, don haka na mayar da rubutu bayan an dawo tara.

Yarinyar nan yanzu tana aji shida. Jiya ta tare ni a bakin ofis da shafi biyu a kan kakarta, ta ce in karanta amma in dawo mata da abinta.