Tarihin Rayuwar Rudolf Nureyev, Kashi na Huɗu: Juma'ar Le Bourget

Jama'a, barkanmu da sake saduwa. A makon jiya mun baro Rudolf a birnin Faris cikin shekarar 1961, yana ɗan shekara 23, ya zo tare da ƙungiyar rawar bale (wata rawar Turawa da ake yi a dandali) ta Kirov daga Leningrad, Faransawa kuma sun rasa inda za su sa shi don so. In ya yi tsalle a dandali, sai ka ce ba zai sauko ba.

To, a daidai nan ne wutar ta fara ci. Dokar tafiyar a fili take: ɗan rawar Tarayyar Sobiyet ba ya yawo shi kaɗai a ƙasar waje, ba ya abota da Turawan Yamma, daga masauki sai gidan wasa, jami'an KGB, hukumar leƙen asirin Sobiyet, na biye. Rudolf kuwa, hali zanen dutse. Yaron da ya bijire wa mahaifinsa Hamet a garin Ufa a kan maganar rawa, shi ne zai ji tsoron mai gadi? Da an tashi daga wasa sai ya sulale, ya bi abokansa na Faris, cikinsu har da ɗan rawa Pierre Lacotte da wata budurwa mai suna Clara Saint, ba ya komowa sai dare ya raba. Aka ja masa kunne, ya yi kunnen uwar shegu. Rahoto ya kai Mosko.

Ranar Juma'a 16 ga Yuni, ƙungiyar ta hallara a filin jirgin sama na Le Bourget za ta wuce Landan. An riga an ɗora kayansa a jirgi. Sai shugaban ƙungiyar, Konstantin Sergeyev, ya ja shi gefe ya ce masa shi ba Landan za shi ba, Mosko ake nemansa, zai yi rawa a fadar Kremlin. Da aka ga bai yarda ba, sai aka ƙara da cewa mahaifiyarsa ba ta da lafiya. Dalili biyu a kan tafiya ɗaya, ai ko yaro ya san da walakin. Rudolf ya gane cewa in ya hau wancan jirgi, shi da ƙasar waje har abada, wataƙila ma shi da dandali.

Abokan aikinsa suka shige jirgin Landan, wasu suna hawaye. Aka bar shi a hannun masu tsaronsa.

Clara Saint ce ta warware ƙullin. Aka kira ta a waya, ta garzayo, ta nemi 'yan sandan Faransa da ke filin ta yi musu bayani. Suka ce doka ba ta ba su ikon zuwa su ƙwace shi ba, sai dai shi ya tako da ƙafarsa ya zo gare su. Ta je wurinsa kamar mai yin ban kwana, ta raɗa masa a kunne. Ya miƙe, ya yi 'yan taku zuwa inda suke tsaye, ya ce yana so ya zauna a Faransa. Aka ɗan yi 'yar turereniya da jami'an Sobiyet, amma bakin alƙalami ya bushe. Daga nan aka sa shi a wani ɗaki shi kaɗai, aka ba shi lokaci ya yi tunani kafin ya yanke shawara. Bai sauya ba.

Jaridun Yamma suka ɗauki abin da zafi, suna ta kururuta shi a matsayin nasara kan kwaminisanci, musamman da yake wata biyu ke nan da Yuri Gagarin ya je sararin samaniya, Mosko na ta alfahari. Ni dai ban ga ɗan siyasa a cikin wannan labari ba. Abin da na gani shi ne saurayi mai taurin kai da aka ƙure, wanda bai iya komai ba sai rawa, aka zo za a raba shi da ita. Ba shiri ya yi ba, ko kayan sauyawa ba shi da su, suna can Landan.

Aiki bai yi masa wuya ba. Cikin mako guda ƙungiyar rawar bale ta Marquis de Cuevas ta ɗauke shi, ya hau dandali tare da Nina Vyroubova. Sai dai 'yan kwaminis na Faransa sun bi shi har gidan wasa suna ihu, suna jifa, suna kiransa maci amana. Saƙonni suka yi ta zuwa daga mahaifinsa da mahaifiyarsa Farida da malaminsa Alexander Pushkin, kowa na roƙon ya komo gida. A 1962 kotu a Leningrad ta yanke masa ɗaurin shekara bakwai a bayan idonsa. Mahaifinsa da malaminsa duk sun rasu bai sake ganinsu ba. Mahaifiyarsa kuwa, sai a 1987 aka bar shi ya je Ufa ya duba ta, tana kan gadon ajali, bayan shekara 26.

Amma kada mu yi gaggawa, ba mu kai can ba tukuna. Kafin 1961 ta ƙare, goron gayyata ya iso masa daga Landan, daga wurin sarauniyar bale ta Ingila, Margot Fonteyn, mace 'yar shekara 42 wadda ake ta raɗe-raɗin ta kusa yin ritaya. Yadda ta kaya tsakaninsu, mu haɗu mako mai zuwa in Allah ya kai mu.