Tashar da yarana suka gina a bayan turken akuya

Akwai dariyar da babba yake yi wa yaro, shi ya mance da ita kafin ya gama shan shayinsa, yaron kuwa ya yi wata da watanni yana ɗauke da ita. Irin wannan aka yi wa ɗana a tsakar gidana, kuma har yau in na tuna sai raina ya ɓaci.

Muna zaune a unguwar Zariya, nan Maradi. Yara uku Allah ya ba mu: babbar mace ce, sai namiji mai shekara takwas a lokacin, sai auta. A hutun daminar 2023, da aka rufe iyaka kuma wutar da ke zuwa mana daga Nijeriya ta yanke, tele ta zama kayan ado, ɗan cajin salula da ake samu kuwa na babansu ne don neman abinci. Yaran suka koma wani lungu a bayan turken jar akuyarmu. Nawa aikin bai taka kara ya karya ba. Na hana tsintsiya shiga lungun, na ajiye tsohon kwando ina tara musu gwangwanin tumatir da na sardin, murafun kwalba, tsinkakken silifa, guntayen waya da ƙyallen da tela ya zubar. Bakin gwangwani ni ke danne shi da dutse kafin su taɓa, kuma kullum da safe ni ke fara ɗaga tarkacen saboda kunama.

Tasha suka gina. Namijin shi ne maƙerin motoci: ya yanka silifa ya yi taya, ya soka waya, ya ɗora gwangwani, ga kamyo ta fito har da bodi. Ya ja hanya a ƙasa daga Maradi zuwa Ɗan Isa, ya gitta kara ya ce iyaka ce, bayanta Jibiya da Katsina. Yayarsa ce duwan, wato kwastan, ita ce kuma mai tuwon tasha, tana tuƙa ƙasa da ganyen dogon yaro. Auta ɗan kabu-kabu ne, bakinsa ne injin. Murfin kwalba sefa ne, ganye naira, har da ɗan canji a gindin bango. Jirgin ƙasan Kano zuwa Maradi da aka aza harsashinsa a 2021, su sun riga sun gama nasu da gwangwanin sardin da aka ɗaure da zare.

Abin da ya fi kama ni shi ne maganganunsu. Ina madafa sai in ji yaron yana sauya murya, yanzu direba, anjima yaron mota, yana cewa an rufe boda, albasa za ta ruɓe, mai kaya yana kiran waya. Duk abin da suke ji manya na faɗa a zaure cikin damuwa, nan suke kawo shi su jujjuya har su samo masa mafita. Wata rana yayar ta ɗage karan ta ce sarki ya yi afuwa, kowa ya wuce, suka yi ta guɗa. Mu manya sai a watan Maris na 2024 muka ga haka.

Ruwa ya taɓa cinye tashar gaba ɗaya cikin dare. Na tashi ina tunanin yadda zan lallashe su, sai babansu ya ba su labarin yadda Gulbi ya yi ambaliya a 1945 ya ci tsohon garin Maradi da ke kwari, aka tashi aka dawo kan tudu inda muke yanzu. Ko kuka ba su yi ba. Suka kwaso yashi suka yi tudu, suka mai da tashar sama, inda ruwan ya zaizaye suka ce shi ne Gulbinsu.

Ana haka ƙanen maigidana ya zo suna a unguwarmu, ya biyo da abokansa gaisuwa. Yaron, don murna, ya ja hannunsa: “Baba ƙarami, zo ka ga tashata.” Ya tsaya ya duba, ya tuntsire da dariya, ya kira abokansa su ma su gani. Ya ce, “Kai ƙato da kai, za ka shiga CE2, aji huɗu na firamare, kana nan kana wasan ƙasa da mata kana magana kai kaɗai? Mi ne ne wannan shirme?” Abokan suka taya shi. Ni ina riƙe da tiren ruwa, ga baƙi maza, ga kunyar dangin miji. Na ce, “Malam, ai aikinsa ne, ya sha wahala a kai,” amma dariya ta riga ta danne maganata.

Da yamma yaron da ƙafarsa ya tattake motocin. Ya kwashe su ya zuba a shara, ya wanke hannu, ya zauna a dakali. Tashar da ruwan sama bai iya kashewa ba, ga ta a bola. Yayarsa ta roƙe shi, auta ya yi kuka, ya ce shi ya girma. Na yaba masa, na ce motocinsa sun fi na kasuwa, ya dube ni kawai. A nan na gane yabon uwa ba ya goge dariyar namijin da yaro yake son ya zama irinsa. Babansa ya sayo masa motar roba mai batir, kuɗin da za su yi mana cefanen kwanaki. Ya karɓa ya yi godiya, ya tura ta ƙarƙashin gado.

Har aka koma lakwal a watan Oktoba bai sake taɓa gwangwani ba. Ko tatsuniya da dare, shi da yake ƙara wa Gizo da Ƙoƙi abin da ba ya cikin labari, ya koma in an ce “Ga ta nan, ga ta nanku,” sai ya ja zane ya rufe kai. Wannan ya fi tsaya mini a rai. Mutum ya zo cin tuwon suna ya tafi, mu ya bar mu da yaro mai jin kunyar tunaninsa.

Kakarsu ce ta warware, uwar maigidana, da ta zo daga ƙauyensu na wajen Tibiri bayan girbin gero. Na ba ta labari a ɗaki. Ba ta ce komai ba, ba ta kuma kira yaron ta yi masa nasiha ba. Washegari ta zauna a tabarma da sillen karan da ta sa aka samo mata, tana ɓare bayansa tana soka shi a cikin farin tsakiyar, wai mota take yi. Ta karkace tayoyin da gangan. Ta ɗaga murya: “Ni dai na yi rashin miji. Maigidana yana zaune, ga ni zan koma gida a ƙasa.” Yaron ya yi kamar bai ji ba. Ta ci gaba da ɓata aikin har ya kasa daurewa, ya zo ya ce, “Kaka, ba haka ake yi ba, kawo.” Da ya gama ta tambayi kuɗin mota zuwa Tibiri. Ya ce dala ashirin. Ta ce tsada, suka yi ciniki sosai, ta kwance bakin zane ta biya shi dala goma na gaske.

Daga gare ta na koyi yadda ake shiga wasan yaro. Da ina tsayawa daga sama in ce “ya yi kyau”, yanzu fasinja nake zama, in tambayi ƙarfe nawa mota ke tashi, in yi ƙorafin an matse ni. Ba na gyara musu labari, ko da jirginsu ya bi ta Makka kafin ya isa Kano. Ba na kuma kiran baƙi su zo kallo, sai in yaran ne suka gayyata, kuma ko sun gayyata ina riga baƙon magana: “Ga injiniyanmu, a yi masa addu’a.” Wanda ya ji haka da wuya ya yi dariya.

Tashar ta dawo, har ta fi ta da girma. Amma yaron ya daina sauya murya in akwai namiji babba a gidan, sai ya yi ta tura mota shiru, auta ke yi masa maganar direba. Na sa maigidana ya yi wa ƙanensa magana. Amsar da ya bayar ita ce wasa yake yi, kuma su ma haka aka yi musu suna yara. Da ya sake zuwa da sallah na shimfiɗa masa tabarma a zaure, can aka kai masa abinci, can yaran suka je suka gaishe shi.