Aikin feshin kaska a gidajen masu karnuka

Ni sana'ata feshi ce, ina da ɗan ƙaramin kamfani a Kaduna, ni da yarana da injinan feshi na goyo. Kyankyasai da kuɗin cizo da gara duk muna yi, amma da damina ta kankama kiran da yafi yawa na kaska ne, kuma kusan kullum magana ɗaya ce, Malam munyi wa karen wanka da magani har mun gaji kaskar taƙi ƙarewa.

To ai bazata ƙare ba, don wadda kake gani a jikin kare kaɗan ce, sauran suna cikin bango. Kaskar kare, wannan ja-ja ɗin, bata buƙatar daji ko ciyawa, cikin gida take rayuwarta. Macen in ta sha jini ta kumbura sai ta saki karen ta faɗo ta hau bango ta shige tsaga ta zuba ƙwai dubbai sannan ta mutu, ƴaƴan su ƙyanƙyashe su hau kare su sha su sauko su sake fata su sake hawa, kuma suna iya yin watanni a tsagar nan ba ci ba sha suna jira. Shi yasa in na shiga gida kafin na kalli karen sai na ɗauki tocila na bi ɗakinsa, bulon da ba'a yi wa filasta ba, ƙarƙashin kwanon rufi, bayan tankin ruwa, tsofaffin tayoyi. Sama nake fara haskawa don hawa takeyi, wani lokaci ka ɗaga buhun da yake kwanciya akai kaga ƙasan na motsi kamar an zubar da riɗi.

Abinda yake ƙara lalata lamarin a wajenmu, yawancinmu don gadi muke ajiye kare, ba'a taɓa shi, an barwa maigadi ya miƙa masa abinci daga nesa, babu mai buɗe kunnensa ko ya duba tsakanin yatsu da wuya inda take taruwa. Sai ya daina ci ya rame, dasashinsa yayi fari, fitsari yayi ja, sannan a kira mu. Wannan kuma ya wuce feshi, kaska ta riga ta sa masa ciwon da ke cinye jini, likitan dabbobi ne aikinsa kuma nan nake tura mutane kai tsaye.

Dan Allah a daina shafa wa kare Sniper ko fiya-fiya ko baƙin mai. Na ga karen da aka yi wa haka yana dalalar da yawu yana karkarwa har ya mutu, kuma yara suna wasa a tsakar gidan nan. Tun 2019 NAFDAC ta hana sayar da Sniper barkatai a kasuwa amma har yanzu tana gidaje. Akwai magungunan da aka yi don kare, amitraz na wanka wanda ake sirkawa yadda takardar tace ba yadda ido ya gani ba, da na ɗigawa a ƙeya irin Frontline, da na taunawa irin Bravecto da ke kai sati 12, shi dai tsada ne dashi. In da mage a gidan a faɗa mana tun farko, amitraz da wani maganin ƙwari da ake kira permethrin suna iya kashe ta.

Mu namu aikin, a fitar da karen da kwanon abincinsa da kaji, a share a ƙone tsummokaran shimfiɗa, mu feshe bango daga sama har ƙasa muna cusa bakin injin cikin kowace tsaga, ranar kuma a yi wa karen nasa maganin. Bayan sati biyu mu dawo, saboda feshi baya kashe ƙwan da ke can ciki. Wannan zuwa na biyun ne muke fama da mutane akai, suna ganin neman kuɗi ne, shi yasa yanzu nake haɗa kuɗin duka tun farko, kuma ina gaya wa maigida ya kira magini ya toshe tsagogin da siminti bayan mun gama, buhu ɗaya yakan isa ɗakin kare.