Kafin ka nemi suna a cikin AS/400, duba yadda aka jera fayil ɗin

A kamfanin sarin kaya da nake wa aiki a Sabon Garin Zariya, har yau lissafin abokan ciniki yana kan na'urar IBM da muke kira AS/400. Tun 1988 ta fito, daga 2008 kuma ana kiran tsarinta IBM i, amma mu sunan da muka saba shi muke faɗa. Tambayar da ɗalibai masu zuwa koyon aiki suka fi yi mini ita ce: "Malam, yaya zan nemo kalma a cikin fayil?"

Amsata kullum ɗaya ce: fara da DSPFFD, umarnin da ke nuna yadda aka jera fayil, ka ga gurabun da ke cikin fayil ɗin da irin abin da kowanne ke ɗauka.

Ga dalili. Da yawa suna buɗe DSPPFM, umarnin da ke nuna abin da ke cikin fayil yadda aka ajiye shi, su rubuta abin da suke nema, su danna F16, maɓallin nema. Idan suna ne, sau da yawa zai fito. Amma lambar rasit ko kuɗi galibi a dunƙule ake ajiye su, alƙaluma biyu a gurbin harafi ɗaya, wato bayit, har lamba mai alƙaluma 7 ta shige cikin bayit 4. A koren allon nan ba za ka ga komai ba sai tarkacen alamomi. Lambar tana nan daram, F16 ne kawai ba ya ganin ta. Sai ka danna F10 sannan alƙaluman su bayyana. Na sha ganin yaro ya rantse cewa an goge rasit, alhali yana gabansa.

Shi ya sa na fi son STRSQL, umarnin da ke buɗe wurin yi wa fayil tambaya da harshen SQL. Da kalmar nema ta LIKE da alamar % gaba da baya kana kamo kalma ko ina ta ɓuya a gurbin. Ka haɗa da UPPER, mai mayar da rubutu manyan baƙaƙe, domin LIKE yana bambanta babban baƙi da ƙarami. Lamba kuwa DIGITS zai mayar maka da ita rubutu. Sai dai % a farko yana sa a bi fayil ɗin layi bayan layi, don haka a babban fayil nakan bari sai bayan la'asar, in masu yanka rasit sun ragu.

Sunayenmu ma sai an yi hattara. Mutum ɗaya an rubuta shi Muhammad, Mohammed da Muhd, kuma tsohon tsarin haruffan na'urar, wato EBCDIC, ba shi da ƙ, ɗ da ɓ. Nemi guntun sunan, kamar ANLADI in Ɗanladi kake nema. FNDSTRPDM kuwa, wani umarnin neman kalma, ka bar shi ga rubutun manhaja, can ya fi amfani.