Had-dis ɗin da na yi wa sharri

Har yau idan na bi ta gaban shagon Alhajin da ya sayar mini da had-dis, sai na kawar da kai. Ba shi da laifin komai, ni ne na je na yi masa tijara a gaban yaransa.

Ina da shagon buga takardu da hoton fasfo a wajen Ƙofar Ƙaura, nan Katsina. Shekara da shekaru aiki ya taru a kwamfuta: fasfo, takardun makaranta da aka yi sikanin, wasiƙun neman aiki. Fayil kusan 200,000, amma duka ba su cika 10GB ba, don yawancinsu 30KB ne zuwa 60KB. Na sayi had-dis na waje, wato faifan ajiyar fayil da ake jonawa da kwamfuta, mai 250GB don in kwashe su. Da na zo yin fomat, wato shirya faifan don ajiya, na zaɓi tsarin ajiyar fayil da ake kira exFAT, sai na ga wurin zaɓen girman kulasta, wato ƙananan gurabun da ake yanka faifan. Na taɓa jin cewa babbar kulasta ta fi sauri, don haka na danna 1024KB, wato 1MB, ina jin kaina gwani.

Na kwana ina kwafi. Da safe na ƙara bidiyon biki guda uku, sai ga jan layi, wai wuri ya kusa ƙarewa. Kayan 10GB sun cinye kusan 195GB! Nan take na yanke hukunci jabu aka sayar mini. Na hau babur na je na faɗa wa bawan Allah maganganu. Shi dai cewa yake, "Malam, ka yi haƙuri, kawo a duba." Na ƙi.

Ɗan yayata ne ya warware abin da yamma. Ya buɗe bayanin wani fasfo ya ce, "Kawu, dubi nan. Girmansa 38KB, amma abin da ya ci a kan faifai 1MB ne cif." Ashe kulasta ita ce mafi ƙanƙantar wurin da faifai ke iya ba fayil, kuma fayil biyu ba sa zama a kulasta ɗaya. Kamar ka ce a rumbunka ba a ajiye hatsi sai a buhu, kuma kowane mai kaya da buhunsa. Wanda ya kawo tiya ɗaya ma sai ya ci buhu guda. Ni kuwa masu tiya ɗaya 200,000 na tara, na raba musu buhu-buhu da hannuna. Da na bar exFAT a kan abin da Windows ke zaɓa wa faifan da ya wuce 32GB, wato 128KB, da wurin da suka ci ya tsaya a wajen 25GB.

Saurin da na yi kwaɗayi ma ban gan shi ba. Gaskiya ne babbar kulasta tana ɗan taimaka wa manyan fayil irin bidiyo, don ba sa rarrabuwa sosai. To amma tsohuwar kwamfutata USB 2.0 gare ta, da ƙyar take wuce 30MB a daƙiƙa, kowace kulasta ka sa. Ƙananan fayil kuwa dama jan ƙafa suke, saboda kowanne sai an buɗe masa suna an rubuta shi daban.

Abin haushin, Windows ba ya canja girman kulasta sai da sabon fomat. Sai da na sake kwana guda, na goge komai na maida shi NTFS, wani tsarin ajiyar na Windows, a kan kulastar 4KB ɗinsa ta asali. Yanzu asarar ba ta wuce wajen 2KB a kowane fayil, duka-duka kusan 400MB. Mai ajiye bidiyo zalla ya sa 64KB ko sama, ba zan hana shi ba. Mai takardu da fasfo irina, ya ƙyale girman kulasta yadda ya same shi.

Yaron ya ce in je in ba Alhaji haƙuri. Sau biyu ina sayen goro don haka, sau biyun a shago muka cinye shi.